Wa Ake Yi wa Dariya? Karin Harshe a Fim da Rediyo, daga Malanbil zuwa Koriya

Akwai wani barkwanci da ya daɗe yana ci wa Bahaushe tuwo a ƙwarya, a finafinan kudancin Nijeriya da kuma gajerun bidiyoyin da ke yawo a waya. Za a kawo maigadi ko mai wankin takalmi, a sa masa hula da 'yar rediyo a kunne, a kira shi "aboki", sannan a sa Turanci a bakinsa. Duk inda "f" take sai ya ce "p", duk inda "p" take sai ya ce "f". Naira hamsin ta koma "pipti", mutane su koma "fiful". Daga nan ba a buƙatar labari kuma, domin bakin nasa shi ne abin dariyar.

Ni ba na cikin masu cewa a hana dariya. Wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ko tsakanin Fulani da Barebari, ya nuna mun san daɗin tsokana tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Abin da nake so mu duba shi ne ingancin aikin. Shin mai kwaikwayon nan ya taɓa tsayawa ya saurari Bahaushe da kyau? Mu kanmu mun san dalilin da ya sa bakinmu ke yin abin da yake yi? Sannan mene ne wannan dariya ke jawo wa yaron da ke zaune a aji yana jin tsoron ɗaga hannu?

Ina rubutu ne daga Gene, wadda Faransawa ke rubutawa Guéné, a ƙasar Malanbil da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Muna kan babban titin da ya taso daga Kwatano, ya ratsa Parakou da Kandi, ya ƙare a gadar kogin Kwara da ke kallon Gaya ta Nijar. A kasuwar shanunmu, kafin a yi ciniki ɗaya sai ka ji Dendanci da Fulatanci da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wani lokaci har da Turancin direbobin Nijeriya. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san abu ɗaya tun yana yaro: babu mai shiga harshen wani ya baro nasa a bakin ƙofa. Kowa da kayansa yake shiga.

Sunan garin ma shaida ne. An raɗa wa Malanville suna ne don tunawa da wani gwamnan Faransa a Dahomey mai suna Malan. Kunnen Bahaushe kuwa "malam" ya ji, bakinsa kuma ya mai da "v" ta zama "b", shi ke nan aka sami Malanbil. Haka Cotonou ta zama Kwatano, haka Port Harcourt ta zama Fatakwal. Ba kasala ce ta kawo haka ba, akwai ƙa'ida a ciki. Don a ga ƙa'idar sarai, zan ɗauko wasu mutane masu nisa da mu ƙwarai, waɗanda matasanmu suka sani ta finafinai irin su Jumong, wato mutanen Koriya.

Ciwonmu ɗaya da Koriyawa

Koriyawa sun fara sauka ƙasar Amurka a matsayin ma'aikatan gonakin rake a Hawaii a 1903, amma yawansu ya ƙaru sosai ne bayan dokar shige da fice ta 1965. Suka buɗe kantuna da wuraren wanki da guga a birane irin su Los Angeles, kuma Turancinsu ya zama abin kwaikwayo a bakin 'yan barkwanci, kamar yadda namu ya zama a Legas.

Harshen Koriya ba shi da sautin "f". Abin da ya fi kusa da shi a wurinsu shi ne "p", don haka abin da muke kira kofi su "kopi" suke cewa. Mu kuma a Hausa sauti ɗaya gare mu a wannan gurbi, wanda muke rubutawa da "f". Asalinsa ba "f" ɗin Bature ba ce, wadda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Tamu da leɓɓa biyu ake hura ta. Shi ya sa take sauya kama daga gari zuwa gari: a bakin wasu Kanawa ta yi kusa da "p", a Sakkwato da Gobir da nan wajenmu ta koma "h" ko "hw", mu ce "tahi" da "hwaɗi". Ga Bahaushe duk abu ɗaya ne, domin babu kalmomi biyu a Hausa da bambancin "p" da "f" kaɗai ya raba ma'anarsu. Ashe ramin da muka faɗa ɗaya ne da na Koriyawa, sai dai su sun faɗa ta gefen "p", mu ta gefen "f". Ƙasar da muke kira Faransa, su kusan "Purangsu" suke ce mata.

A kan "v" kuwa bakinmu ya zo ɗaya. Mun ce talabijin, sun ce "tellebijon". Mun ce bidiyo, sun ce "bidio". Babu wanda ya koya wa wani.

Abu na biyu shi ne cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere ba tare da wasali ya shiga tsakani ba. Saboda haka muka sami burodi da direba da birki da tirela da kirsimeti. Koriyanci ma haka yake, har ya fi namu tsanani. Suna da wani wasali tsakanin "i" da "u" wanda suke cusawa duk inda baƙaƙe suka yi karo. Kalmar Turanci ta yajin aiki, "strike", gaɓa ɗaya ce a bakin Bature, amma gaɓa biyar take zama a bakin Bakoriye. Bas da muke faɗa a gaɓa ɗaya, su sai sun ƙara mata wasali a ƙarshe, domin sautuka bakwai ne kacal ke iya rufe gaɓa a harshensu, kuma "s" ba ta cikinsu.

Inda muka rabu shi ne kan "r" da "l". A rubutun Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443, harafi ɗaya ne ke ɗauke da su duka biyu: tsakanin wasula ya yi kama da "r", a ƙarshen gaɓa ya yi kama da "l". Shi ya sa kalmar shinkafa da kalmar ƙwarƙwata a Turanci, "rice" da "lice", ke rikice musu. Bahaushe ba ya wannan rikici. Muna da "l", muna kuma da "r" har iri biyu: ta baran gidan sarki daban, ta barar almajiri daban, ko da yake boko ya rubuta su iri ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka Koriyanci talakan harshe ne. Suna da "dal" wata, "tal" abin rufe fuska, "ttal" ɗiya mace. Sautuka uku ne da Bature ba ya iya rarrabewa sai ya sha wuya, kamar dai yadda yake shan wuya tsakanin kasa da ƙasa, ko bari da ɓari.

A kunne matsalar take

Wani masanin sautuka ɗan Rasha, Trubetzkoy, a littafinsa da ya fito a 1939, ya kwatanta tsarin sautin harshen uwa da rariya. Duk sautin baƙon harshe sai ya bi ta cikinta kafin ya isa gare ka, abin da ramukanta ba su san shi ba kuma sai ta tura shi ramin da ya fi kusa. Daga baya, a 1984, Janet Werker da Richard Tees suka gwada jarirai a Kanada. Suka gano cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara ɗaya wannan baiwa ta fara dusashewa, kunnensa ya tsaya kan harshen gida. Wato tun yaro bai fara magana ba an riga an saƙa masa rariyarsa.

Rashin sanin wannan ya taɓa jawo abin tausayi a Koriya ta Kudu. A farkon shekarun 2000 jaridu suka ruwaito cewa wasu iyaye na kai yaransu asibiti a yanka musu 'yar fatar nan ta ƙarƙashin harshe, wai don harshen ya saki ya iya furta "r" ta Turanci. Abin ya kai har Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar ta ɗauki nauyin wani fim a 2003, If You Were Me, wanda ɗaya daga cikin gajerun labaransa, na darakta Park Jin-pyo, ya nuna irin wannan tiyata. Alhali 'ya'yan Koriyawan da aka haifa a Amurka, da irin wannan harshe na nama, suna furta "r" da "l" ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Mu da muka san aikin wanzami, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai. Iyaye ba sa kai ɗansu ga aska sai an daɗe ana nuna musu cewa bakinsu abin kunya ne.

Mu ma muna da tsohuwar shaida a gida. Tun ƙarnoni kafin Bature ya zo, rariyar Hausa ta tace Larabci. Sautin da Balarabe ke yi da harshe tsakanin haƙora ya zama "s" da "z" a wurinmu, shi ya ba mu Usman da hadisi da zunubi da zikiri. Wani sautin ya zama "l", ya ba mu alƙali da alwala da larura. To, idan Bahaushe ya ce "zis" da "sank yu" a Turanci, tsohuwar hanyar nan ce ya sake bi. Amma kuma ga makarantun tajwidi sun nuna ana iya horar da kunne da baki. Yaran Kano da Sakkwato da Damagaram suna fita musabaƙar karatun Alƙur'ani har ƙasashen Larabawa su ciwo kyauta. Abin da ake buƙata shi ne malamin da ya san inda sauti ke fita, da haƙuri.

Kwaikwayo mai kyau da marar kyau

Yanzu mu koma ga fim. Tsakanin 2016 da 2021 gidan talabijin na CBC a Kanada ya nuna wani wasan barkwanci mai suna Kim's Convenience, wanda ya samo asali daga wasan dandamali na Ins Choi. Labarin wani magidanci ne Bakoriye mai ƙaramin kanti a Toronto. Wanda ya fito a matsayin maigidan, Paul Sun-Hyung Lee, a Kanada ya girma, Turancinsa na yau da kullum irin na 'yan ƙasar ne, amma a wasan ya ɗauki karin harshe mai kauri, wanda ya ce daga mahaifinsa ya ɗauko shi. Abin da ya burge ni shi ne karin nasa yana da tsari. Inda rariyar Koriyanci za ta ƙara wasali, nan yake ƙarawa. Inda ba za ta taɓa ba, ba ya taɓawa. Sannan mutumin shi ne mai kanti, mai iyali, mai taurin kai da wayo, kuma sau da yawa shi ke cin galaba a gardama. Kana yi masa dariya don halinsa, kamar yadda za ka yi wa kawunka. Wasan bai tsira daga suka ba. A 2021 wasu daga cikin 'yan wasan, Jean Yoon da Simu Liu, sun koka a fili kan ƙarancin Koriyawa a cikin marubutansa. Wannan ma darasi ne: sai mai abu yana ɗakin da ake rubutu sannan ake kiyaye mutuncin abinsa.

Fim ɗin Minari na Lee Isaac Chung, wanda ya fito a 2020, ya ɗauki wata hanyar. Iyali ne suka koma Arkansas don yin noma. Mafi yawan maganar fim ɗin da Koriyanci ake yi, don haka kafin ka ji kakar yaran tana fama da 'yan kalmomin Turanci, ka riga ka ji ta a harshenta tana zuba zance da zolaya. Ka san cikakkiyar mutum ce, Turancin ne baƙo a bakinta. Youn Yuh-jung ta sami kyautar Oscar a 2021 saboda wannan rawa.

Idan aka ɗora "aboki" na bidiyoyin waya a kan wannan ma'auni, ta fuska uku yake faɗuwa. Ta farko, kwaikwayon ƙarya ne. Babu Bahaushen da ke juya kowace "p" da kowace "f" kamar inji. Abin da ke faruwa shi ne mai koyo ya san akwai sauti biyu amma kunnensa bai riƙe wanne ke ina ba, sai ya dace a nan ya kuskure a can, wani lokaci tsananin taka-tsantsan ne ma ke sa shi kuskuren. Ta biyu, mai kwaikwayon bai ji abin da Bahaushe ya iya ba. Mu da muke raba gari na mutane da garin tuwo ta tsawon wasali, muna da abin kamawa wajen raba "ship" da "sheep", inda Koriyawa da wasu maƙwabtanmu ke tuntuɓe. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambance-bambancen furuci a Turancin Nijeriya, kuma aikinsa ya nuna ba Turanci ɗaya ake yi a ƙasar ba, kowane ɓangare da irin nasa. Ta uku, wadda ta fi ciwo, ba a taɓa barin "aboki" ya yi magana da harshensa a matsayin mai hankali. An ɗaure karin harshen da jahilci da aikin ƙasƙanci, har mai kallo ya saba da cewa duk mai irin wannan baki haka kansa yake.

Amma idan za mu faɗi gaskiya, laifi tudu ne. Kalmar "gwaranci" a Hausa daga sunan wata al'umma muka ciro ta, muka mai da ta sunan duk wata gurɓatacciyar magana. Finafinanmu na Kano sun daɗe suna cin abinci da Bagwari da Bayarabe da Inyamurin da ba su iya "ƙ" da "ts" ba, suna mai da mace namiji a jimla. Wasu 'yan wasan sun ƙware ƙwarai, kana jin sun zauna da mutanen Sabon Gari sun saurare su. Wasu kuwa abin da ake yi mana a Legas shi suke ramawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Nan Gene, Badendi yana dariyar Bahaushen da ya kasa haɗa "k" da "p" a numfashi ɗaya ya faɗi sunan kasuwar Dantokpa, Bahaushe kuma yana dariyar Badendin da ya ce "kasa" yana nufin ƙasa. Wannan dariya ba ta da dafi, domin kowa na da ranar da za a yi masa. Dafin yana shigowa ne idan ɓangare ɗaya ne kullum ke riƙe da kyamara.

Rediyo da aji

Ga masu sauraro irinmu na bakin iyaka, akwai wani ƙorafi da ya shafi gidajen rediyon Hausa. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, rediyo ce babbar makarantar da ke koya wa Bahaushe sunayen duniya. Sau da yawa mai karanta labarai da ya yi boko da Turanci yakan ci karo da suna a rubutun Faransanci, sai ya karanta shi da ƙa'idar Ingilishi. Sai ka ji an ce "Gwene", alhali "u" ɗin nan Faransawa sun sa ta ne kawai don "g" ta tsaya da ƙarfinta. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, sunan Malanbil ya yawaita a labarai, kuma na ji an furta shi ta hanyoyi da dama. Shawarata ita ce a bi bakin masu wurin. Yadda aka yarda da Yamai da Damagaram da Kwatano, haka ya kamata a yarda da Malanbil da Gene. Haka nan Hausar wannan ɓangare tana da nata aron daga Faransanci, irin su lakwal da mushe da jandarma da duwan, kuma matsayinsu ɗaya da fensir da tebur da kwastan na Nijeriya. Rariya ɗaya ce ta tace su.

A aji kuwa maganar ta fi nauyi. Makarantunmu da Faransanci ake koyarwa tun daga ajin farko, malamai da yawa kuma daga kudu ake turo su, ba su san Hausa ko Dendanci ba. Yaro ya ce "bou" a maimakon "vous", ko ya haɗa "port" da "fort", sai aji ya fashe da dariya, malami ya ce ya maimaita, ya sake maimaita kuskuren, domin a kunnensa abin da malam ya faɗa shi ya faɗa. Iyayenmu sun ba mu labarin "sambol", abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen gida a lakwal. An daina rataya shi a wuya a yawancin wurare, amma dariya na yin aikinsa. Yaron da aka yi wa haka sau uku yakan zaɓi shiru, wanda ya yi shiru a aji kuwa ba ya daɗewa a makaranta.

Ba ina cewa a bar gyara ba ne. Inda furuci ke sauya ma'ana, dole a gyara, domin wata rana yaron nan zai tsaya gaban mai jarrabawa, ko ya karanta sunan magani, ko ya yi wa jami'in iyaka bayani. Gyaran kuma ba shi da tsada. A nuna masa a madubi yadda haƙori ke hawa leɓe. A riƙe masa takarda a gaban baki ya ga yadda "p" ke buga ta. A fara da kunne, a jera masa kalmomi biyu-biyu har ya fara jin bambanci kafin a ce ya furta. A kuma gaya masa gaskiya cewa "ƙ" da yake yi ba tare da tunani ba, malamin nasa ma sai ya yi wata da watanni kafin ya iya ta. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da Muryar Zinariya ta Afirka, da Hausa ya tashi, Kwalejin Katsina ce ta horar da bakinsa. Ban Ki-moon kuma ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2007 zuwa 2016 da karinsa na Koriya a fili, aka kuma fahimce shi. Hanyoyin biyu duka a buɗe suke ga yaranmu, kuma zaɓin nasu ne.

Ga marubuta da masu shirya fim a cikinmu, roƙona ɗaya ne. In za ku sa karin harshen wani a bakin ɗan wasa, ku je ku zauna da masu shi har ku gane ƙa'idarsa. Ku ba mutumin suna da sana'a da buri, ku bar shi ya yi magana da harshensa ko da sau ɗaya ne a fim ɗin. In bayan haka har yanzu yana ba da dariya, to kun yi barkwanci na gaskiya, mu ma za mu taya ku. Allah ya sa mu dace.